Irin Hatsin Inna a Lambun Mutanen Siyam

A Fallomi aka fara cutarmu, kuma bayan Fallomi ne na fara jin nauyin abin da ke ɗaure a ƙuguna.

Mun baro Cadawa da kaka, shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ni da maigidana Malam Isufu, da niyyar zuwa Makka ta ƙasa kamar yadda talakawa ke yi a lokacin. Mai babbar motar da muka shiga a Fallomi ya rantse da Allah zai kai mu har iyakar Sudan. Kwana biyu muna tafiya, ya sauke mu a wani ƙauye da ba mu san sunansa ba, ya ce mu sha inuwa zai je ya ɗebo wa mota ruwa. Har yau bai dawo ba. Ya tafi da buhun garin hurarmu, da tabarmi, da tukunyata. Abin da ya rage mana shi ne tufafin jikinmu, da gafakar Malam, da wata 'yar jakar saƙi da nake ɗaurewa a ƙarƙashin zane.

Irin hatsi ne a cikin jakar, zango, mai doguwar zangarniya, an cakuɗa shi da toka don kada ƙwari su taɓa shi. Bai kai rabin tiya ba. Inna, mahaifiyar Malam, ita ta ba ni shi a bayan rumbu, tana goye da ɗiyata Abu wadda na yaye na bar mata.

Ta ce, "Mariyama, ke na ba, ba shi ba, don namiji in ya ji yunwa babu abin da ba ya ci. Masu tafiya gabas shekaru suke yi. Duk inda damina ta iske ku, ki nemi ƙasa ki zuba, kada ku zama maroƙa. Amma ki ji ni da kyau: iri ba a cin shi. Shekarar yunwa mun ci dussa, mun ci ganye, na binne ɗiya biyu, ban kwance damin iri ba. In kin dawo ki kawo mini jikokinshi."

Na karɓa da hannu biyu, amma a raina na ɗauke shi rigimar tsofaffi. Na yi lakol, wato makarantar boko, a Maradi, na ƙara shekara uku a kolej a Damagaram kafin aure, kuma a can malaminmu, da muke kira mushe, ya koya mana cewa arzikin ƙasa yana ga gyaɗa da takin zamani. Mazan Cadawa ma a lokacin kowa gyaɗa yake zubawa, ya sayar, ya sayi hatsi a kasuwa. Inna ce kaɗai ta kafe. Kowane rani sai ta kira Fulani su kwantar da shanu a gonarta, ta kwashe tokar murhu da sharar gida ta kai. Na taɓa gaya mata abin da mushe ya ce. Ta dube ni ta ce, "Ki tambaye shi ko ana dama hura da gyaɗa."

A ƙauyen nan da aka yasar da mu, wata Balarabiyar Shuwa ta gan ni zaune ina kuka. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar nono, ta tsaya a kaina har na shanye rabi na miƙa wa Malam. Daga nan a ƙafa muka ci gaba, wani lokaci a bayan jakunan fatake, har Abeshe, har muka shiga Sudan.

A Sudan muka yi shekara guda da rabi, wajen Wad Madani, muna tsinkar auduga a gonar wani mutum. Hausawa da yawa ne a can, wasu kakanninsu ne suka taso da niyyar Makka, jikokin kuma har lokacin suna cewa suna kan hanya. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Da damina ta zo na tuna maganar Inna, na sa Malam ya roƙa mini ko da taku goma ne a gefen gona. Mai gonar ya ce a'a, hatsi yana jawo tsuntsaye, kuma ƙasar ba a shuka komai cikinta sai abin da hukuma ta ce. Damina ta wuce, iri yana ƙuguna.

A nan tari ya kama Malam. Da fari mun ce ƙurar auduga ce. Mutum ne mai fara'a, ko yana tari sai ya tsokane ni. Wata rana da azahar, mun gaji da kisirar dawa mai tsami da ake ci a ƙasar, ya dubi ƙuguna ya ce, "Ke 'yar lakol, ɗebo tafi guda daga dukiyar Inna ki dama muna hura. Wa zai gaya mata?"

Na ce, "Ni zan gaya mata."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe ba mata aka ba ni ba, jandarma aka haɗa ni da shi."

Muka yi dariya tare. Ban manta da wannan azahar ɗin ba, don ita ce tambaya ta fari.

Da muka isa bakin teku a Sawakin, ba mu da takardun da ake shiga babban jirgi da su. Wani mai sayar da goro, Bahaushe kamarmu, ya haɗa mu da mai kwalekwale, ya ce mutumin kirki ne. Kwana uku muna kan ruwa, muna amai, rana tana dukanmu. Da hantsin rana ta huɗu mai kwalekwalen ya nuna wani tudu ya ce ga Hijaz, mu sauka da sauri kada askarawa su gan shi. Muka sauka cikin ruwa har ƙirji. Malam ya yi sujada a kan yashi yana kuka. Muka yini muna tafiya muna neman hanyar Jidda, har muka gamu da wani mai kiwon raƙuma. Da Malam ya tambaye shi, mutumin ya daɗe yana kallonmu, sannan ya nuna teku ya ce Jidda tana can ƙetare. Zagayawa kawai aka yi da mu, aka maido mu Sudan.

Ban taɓa ganin fuskar Malam kamar ta ranar ba. Abin da na fara yi, Allah Ya gafarta mini, shi ne na kwance jakar na duba ko ruwan gishiri ya shiga. Na ɗora ta a ka lokacin sauka, ba ta jiƙe ba. Mai raƙuman ya ɗora Malam a kan raƙumi kwana biyu har gari, bai karɓi komai ba, sai addu'a ya ce mu yi masa a Arfa. Na yi masa, kuma har yau ina yi.

Muka sake zaman wata uku Malam yana rubutun sha, ni ina wankau, har muka sami takardu da lambar rigakafi, muka ƙetare a babban jirgi. Mun yi aikin hajji, alhamdu lillahi. Amma ɗawafin ƙarshe a kafaɗata ya yi shi, kuma na ga jini a gefen rigarsa. Da alhazai suka fara watsewa, ya bayyana cewa ba zai iya hanyar gida ba. Wani tsoho mutumin Katsina da ya daɗe a Makka ya ce iskar gari ba za ta yi masa ba. Ya ce akwai wani kwari tsakanin Makka da Jidda inda wani Balarabe ke da gonar dabino, yana neman mace mai tsinka da shara, kuma akwai ɗaki.

A can na gamu da Mina.

'Yar gajeruwar tsohuwa ce, fatarta kamar ta Buzaye, idanunta ƙanana, kullum da faffaɗar malfa a kan mayafi. Mijinta Dauda shi ke kula da rijiya, kurma ne kusan gaba ɗaya, sai murmushi. Da ɗan Larabcin kasuwa muke magana, sauran da hannu. Na tambaye ta ƙasarsu, ta ce Siyam. Na tsuguna na zana mata taswira a yashi kamar yadda muka yi a kolej, ga Indiya, ga Sin, ga wata ƙasa mai dogon wutsiya tana shiga teku. Ta ɗora yatsa a ƙarshen wutsiyar, ta kama kuka. Ta ce shekara shida, ni ce ta fari da na san akwai wurin. Yanzu Tailan ake kiran ƙasar. Su Musulmin kudu ne, manoman shinkafa. Sun zo hajji a jirgin ruwa, Dauda ya kwanta ciwo, jirgi ya tashi, mai kula da su ya tafi da takardunsu.

Mai gonar ya bar musu wani lungu a bayan dabinai, yashi ne fari mai gishiri wanda ko akuya ba ta tsayawa a kai. Abin da Mina ta mai da wannan lungu, da ban gani da idona ba da ban yarda ba. Kabewa, kuɓewa, barkono, wake mai tsawo kamar igiya, ayaba uku, da wata ciyawa mai ƙamshin lemo da take dafawa kamar shayi. Ƙasar da kanta ta yi ta. Tana da rami guda biyu. Kashin awaki, ɓawon albasa, toka, ƙayar kifi da take roƙo wurin masu kawo kifi daga Jidda, busasshen ganyen dabino, duk a rami, ta yayyafa ruwa, ta juya bayan kwana bakwai. In ya nuna sai ya zama baƙi, yana ƙamshi kamar ƙasar Cadawa bayan ruwan fari. Ruwan wanke-wanke yana bin ɗan lambatu zuwa gindin ayaba. Ko alwala a kan na'ana'a suke yi. Ba ta barin ƙasa tsirara, kullum a rufe da ganye. In tsutsa ta zo, ta daka barkono ta jiƙa ta yayyafa, ta bi da toka.

Mai gonar yana kawo takin zamani a buhu don nasa fagen. Ya taɓa ba ta kyauta, ta yi godiya ta mayar. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Abin da ba na iya yi da hannuna, ranar da ya ƙare na zama maroƙiya." Na ji kamar Inna ce ta sa malfa.

Da yamma takan zo ƙofar ɗakinmu da ruwan ciyawar nan mai ɗumi don Malam, ta zauna ta ba mu labarin garinsu, shi yana fassara mini inda na kasa. Ta ce gishiri da allura da kananzir kawai suke saye. Kifi a cikin gonar shinkafa yake girma. Agwagi suna bin kunya suna cinye katantanwa, suna barin taki. Ɓauna ce ke yi musu huɗa, yara suna hawan bayanta.

Malam ya ɗaga kai daga matashi. "Ɓauna? Wadda mun ka sani?"

Na ce haka ta ce.

Ya ce, "Mariyama, mutanen da sun ka sa ɓauna noma, ki bi su a hankali. Kome ta ce miki ki ce to."

Da na bi wannan maganar.

Abinci ya fara gagarar Malam. Gurasa ba ta wucewa, shinkafar kasuwa sai ya tauna ya fitar. Kunun hatsi kawai yake ambato. Na bi motar kifi har Jidda na samo hatsin da ake kawowa daga Yaman, ƙanana, ja-ja. Na surfa, na daka, na dama da tsamiya. Ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai.

"Yi haƙuri," ya ce. "Wanga ɗaci gare shi. Ba shi ba ne."

Bai dubi ƙuguna ba, amma na san abin da ke ransa. Ni kuma sai dabara ta zo mini, na ji daɗinta har na ƙi barin kowa ya taɓa ta. Ga ƙasa, ga ruwa, ga takin Mina. Zango wata uku ne. In na shuka, maimakon tafi guda zan ba shi damma, ya sha kunu har ya gaji, ya yi ƙarfi mu koma gida, kuma ban karya maganar Inna ba. Na gaya masa. Ya ce, "Wata uku. To, Allah Shi nuna muna."

Mina ta yi murna, ta ba ni fage mafi kyau, kusa da lambatu. Muka kwashe rami guda muka zuba, muka jiƙa ƙasa kwana biyu. Ranar shuka na kwance jakar na zazzage a faifai. Ta sa yatsu ta shafa irin, ta shinshina, sannan ta raba shi uku da gefen hannunta. Ta nuna kashi na fari ta nuna ƙasa. Ta nuna na biyu ta nuna jaka. Ta nuna na uku, ta nuna ɗakin da Malam ke kwance, ta kai hannu baki.

Na girgiza kai. Na ce iri ne, a wurinmu ba a ci.

Ta ce, "Mu ma ba mu ci. Amma ba mu zuba duka. Uku ne kullum. Ɗaya na ƙasa, ɗaya na ajiya, ɗaya na mai ciwo ko baƙo."

Na ce uwar mijina ta hana. Na ƙara da abin da na sani na lakol: irin ya kusa shekara biyu, da yawa ba zai tsiro ba, dole in cika kowane gurbi. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, ki dubi mijinki, kada ki dubi faifai." Na zame hannuna a hankali, na haɗe kashi ukun wuri ɗaya. Ban yi don rowa ba, Allah Shi ne shaida. Ina ganin kowace ƙwaya da na hana ƙasa, zangarniya guda na hana Malam. Na bi gurabu ina zubawa ina rufewa da diddige kamar yadda muke yi a gida, har na kakkaɓe jakar. Mina ta tsaya tana kallo. Da na gama ta ɗebo ganye ta taya ni rufewa.

Kwana huɗu ya tsiro, kusan duka. Irin Inna bai mutu ba ko kaɗan. Dauda ya taimaka na fito da Malam ya gani. Ya tsuguna da ƙyar, ya shafa ganyen da bayan yatsa ya ce, "Sannunku da zuwa. Ku ma kun sha hanya."

Kwana goma sha biyu da shuka, bayan la'asar, ina tankaɗe a ƙofar ɗaki ya kira ni. Muryarsa ta sauya, babu wasa a ciki.

"Mariyama."

"Na'am, Malam."

"Babu ko kaɗan da ya rage a jakar? Ko cokali guda. Ba don yunwa ba. So nake in ji shi a bakina."

Na ɗauko jakar na juya cikinta waje. Toka ce kawai ta zubo. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ba kome. Na san ke, ba ki yin abu rabi." Ya juya fuska ga bango.

Na fita da gudu zuwa fagen. Na durƙusa na fara tonon gurabu da yatsu, ina neman ƙwayar da ba ta tsiro ba. Ina tumɓuke tsiron da na yi kwana goma sha biyu ina lallashi, ina murza ƙasa a tafi. Abin da na samu 'yan kwasfa ne baƙaƙe, sun ruɓe, in na matsa sai su zama ruwa. Na tone layi guda, na shiga na biyu. Ban san ina ihu ba sai da na ji Mina ta rungumo ni ta baya, ta riƙe hannuwana biyu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ta ce, "Bari. Kada ki kashe su su ma."

Ta ja ni zuwa ɗakinta. Daga cikin rufin ta zaro wani guntun gora da aka toshe da tsumma da kaki. Ta buɗe ta zazzage a faifai. Shinkafa ce da ɓawonta, ja, gajera. Irin gonarsu ne da ta taho da shi daga Siyam. Ta ce kashi na ƙasa ta gwada shekarar fari, ruwa bai isa ba, ya mutu. Kashi na mai ciwo Dauda ya sha. Wannan shi ne na ajiya, na ranar komawa. Ta sa gefen hannu ta sake raba shi uku. Ta mai da biyu cikin gora, ta zuba ɗaya a turmi.

Na ce, "Mina, irinki ne."

Ta ce, "Daka. Hannuna ya gaji."

Na daka, na sheƙe, ta dafa shi ruwa-ruwa da ɗan gishiri har ya narke. Na kai masa, na ɗaga kansa a cinyata, na gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kwanon da inda ya fito. Ya sha cokali uku, wanda rabonsa da haka an yi kwanaki. Ya lumshe ido ya ce, "Ba hatsi ba ne. Amma wanga daga rumbun mutum ya fito, ana ji." Ya sa na kira Mina, ya yi mata addu'a mai tsawo, ita da Dauda da garinsu da ɓaunarsu. Sannan ya ce mini, "In kin koma, kada ki ce wa Inna na roƙa."

Bayan kwana biyar, ranar Laraba da hantsi, Allah Ya karɓi abinsa. Dauda da ma'aikatan gonar suka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar ƙauyen da ke bakin kwarin.

A lambun na yi takaba. Mina ta dawo da ni ɗakinta, Dauda ya koma rumfar rijiya. Kwanakin fari ban iya duban fagen ba, ita ke ban ruwa. Wata safiya ta ɗora mini fartanya a cinya ta ce, "Ban san yadda ake cirar wannan ba. Zo ki nuna mini." Ƙarya take yi, ta sani, amma na tashi. Na rage tsiro, na bar uku-uku a gurbi. Hatsi ya yi kara, ya wuce tsawona, ya yi bununi. Tsuntsaye suka zo, muka ɗaura tsummoki da gwangwanaye. Mai gonar da kansa ya zo ya tsaya yana auna zangarniya da hannunsa, bai taɓa ganin mai tsawon haka ba.

Ranar da ya fara nuna na karya zangarniya uku na gasa tumu. Na ba Mina, na ba Dauda. Nawa na riƙe shi har ya huce. Wata uku ɗin da na ce masa ga su sun cika, ga hatsi ya ishi kunun shekara.

Kafin in gama takaba na yi girbi. Na zaɓi zangarniya mafi kyau na sussuka, na cika jakar Inna, na cika wa Mina wata gora. Sauran na bar musu. Na jira har alhazan shekara suka zo, na bi ayarin wasu mutanen Tasawa da suka yarda su riƙe ni. Mina ta rako ni har bakin hanya. Ta cire malfarta ta ɗora mini, ta ce wani abu da harshensu wanda ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Ban sake jin labarinta ba. Ban sani ba ko ragowar shinkafar ta ga Siyam.

Na iso Cadawa da bazara, ana gyaran gonaki. Labarin rasuwar ya riga ni. Abu ta ɓuya bayan Inna, ba ta san ni ba. Da mutane suka gama gaisuwa suka watse, na iske Inna a bayan rumbu, inda ta ba ni jakar. Na durƙusa na miƙa mata.

"Ga jikokinshi, Inna."

Ta kwance ta zuba a tafi, ta daɗe tana juyawa da yatsa. Sannan, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ya roƙa?"

Ya ce kada in faɗa. Amma ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba, kuma na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Na gaya mata duka, da azahar ɗin Sudan, da kashi ukun Mina, da tonon da na yi. Ina jiran ta ce na kyauta, ko ta ce na kashe mata ɗa. Ko wanne ta faɗa zan ɗauka.

Ta ce, "Ni ma Hajo ta roƙe ni. Shekararta huɗu. Tana nuna damin da hannu." Hajo ɗaya ce daga cikin biyun da ta binne. Ban taɓa jin ta kira sunanta ba sai ranar.

Ta miƙe, ta ɗauko faifai, ta zazzage jakar. Ta dube ni ta ce, "Yaya kin ka ce matar nan take yi?"

Na sa gefen hannuna na raba uku.

Inna ta kwashi kashi ɗaya ta zuba a turmi. Matar da ba ta kwance damin iri ba a shekarar yunwa, ta ɗauki taɓarya da kanta, ta hana ni karɓa. Ta surfa, ta wanke, ta daka, ta dama kunu da tsamiya. Ta zuba a ƙwarya biyu. Ɗaya ta sa aka kai ƙofar masallaci sadaka, da sunan Isufu da Hajo da ƙanwarta. Ɗayar ta ajiye a tsakaninmu, ta jawo Abu ta zaunar da ita a cinyata, ta miƙo mini ludayi.

"Sha," ta ce. "Ki ba ɗiyarshi ta ji yadda yake a baki."